Aikin Ofishin Ilmi Na Lardi A Jihar Kalifoniya Ta Amurka

Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya gabatar a wajen taron ƙara wa juna sani na sakatarorin ilmi, da hedimastoci, da masu duba azuzuwan yaƙi da jahilci.

 

Waɗanda suka shirya wannan taro sun umurce ni da in yi bayani a kan yadda ake tallafa wa makarantun gwamnati a wata ƙasa daban, ko ma samu abin ɗauka a ciki. Na zaɓi Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, kuma a cikinta ma ofis guda ɗaya zan yi magana a kansa. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da muke fama da alli da benci za a kawo mana labarin masu dala. To, a yi mini haƙuri a saurara, domin za ku ji cewa su ma an taɓa wayar gari kuɗin makarantun wani gari sun ƙare ƙaf ana tsakiyar zangon karatu, kuma abin da suka yi bayan haka shi ne ginshiƙin maganata a yau.

Da farko sai mun fahimci tsarin nasu, don ya sha bamban da namu. Jihar Kalifoniya tana da mutane kimanin miliyan 39, kuma yaran da ke makarantun gwamnati sun kusa miliyan 6. An kasa jihar kashi 58, kowane kashi suna ce masa kawunti. Ni zan riƙa ce masa lardi, don dattawan da ke nan sun san zamanin larduna, lokacin da lardi ɗaya yake tattare da gundumomi da yawa. A ƙarƙashin lardunan nan akwai gundumomin makarantu kusan dubu ɗaya. Ita gundumar makarantu hukuma ce mai cin gashin kanta. Tana da majalisarta wadda mutanen wurin suke zaɓa da ƙuri'a, ita ke ɗaukar malamai, ita ke gina azuzuwa, ita ke tsara yadda za ta kashe kuɗinta. Watau dai ita ce mai makaranta.

Tsakanin waɗannan gundumomi da gwamnatin jiha da ke birnin Sacramento, akwai Ofishin Ilmi na Lardi, guda ɗaya a kowane lardi. Mai riƙe da shi ana kiransa shugaban makarantu na lardi, kuma tsarin mulkin jihar na shekarar 1879 ya ambaci wannan muƙami. A larduna 53 jama'a ne ke zaɓensa da ƙuri'a, a sauran biyar ɗin kuwa naɗa shi ake yi. Abin lura shi ne, wannan shugaba ba shi da ikon ya kori malamin wata gunduma, ko ya sauya wa hedimasta wurin aiki, ko ya ce a ba wane kwangilar gini. Makarantun ba nasa ba ne. To idan haka ne, mene ne amfaninsa?

Amfaninsa na farko yana fitowa ne daga rashin daidaiton gundumomin. Lardin Los Anjelis yana da mutane kusan miliyan 10 da gundumomin makarantu 80. Lardin Alpine kuwa, can kan duwatsu, mutanensa duka ba su wuce kimanin 1,200 ba, ko wani ƙauyen namu ya fi shi jama'a. Akwai gundumomin karkara da makaranta ɗaya tak suke da ita, da 'yan yara kaɗan, har ka iske hedimasta shi ne shugaban gundumar, shi ne kuma malamin aji. Irin wannan gunduma ba ta iya ɗaukar ƙwararren akanta, ko lauya, ko mai gyaran kwamfuta. Idan aka kawo mata yaro kurma guda ɗaya ko makaho guda ɗaya, doka ta wajabta a koyar da shi, amma ba ta da ƙarfin ɗaukar malami na musamman saboda yaro ɗaya. A nan ne ofishin lardi yake shigowa. Sai ya ɗauki malamin kurame ɗaya ya riƙa zagaya gundumomi biyar ko shida, ko ya buɗe aji ɗaya a tsakiya a riƙa kawo yaran da mota. A larduna da yawa shi ne ke shirya takardun albashin malamai na gundumomi, shi ne ke tantance ko takardar shaidar malanta ta kowane malami ta dace da darasin da aka ba shi, shi ne kuma ke shirya wa malamai bita. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Har ila yau akwai yaran da babu gundumar da ke ɗokin karɓarsu. Yaron da aka kora daga makaranta saboda wani laifi, ofishin lardi yana da makarantar da zai ci gaba da karatu. Yaron da kotu ta tsare a gidan horon yara, ofishin lardi ne ke kai masa malami har can ciki. 'Ya'yan leburorin gona masu bin kaka daga wannan gari zuwa wancan, a wurare da dama ofishin lardi ne ke bin sawunsu don kada karatunsu ya yanke, kamar dai yadda mu ma aka kafa hukumar ilmin 'ya'yan makiyaya a 1989. Kuma idan wata gunduma ta kori yaro, iyayensa suka ga an zalunce shi, suna iya ɗaukaka ƙara zuwa majalisar ilmi ta lardi.

Yanzu sai labarin da na yi alkawari. Akwai wani gari da ake kira Richmond a Lardin Contra Costa, a tsallaken ruwa daga birnin San Faransisko. Gundumar makarantunsa tana da yara sama da dubu 30, da yawansu 'ya'yan talakawa. A ƙarshen shekarun 1980 shugabanninta suka fito da wani shiri mai ƙayatarwa, aka mayar da makarantu na musamman kowace da fanninta, aka sayo kwamfutoci, aka ƙara ma'aikata, har aka riƙa zuwa daga wasu jihohi ana kallo ana yabawa. Ashe ana ta kashe abin da babu ne. A 1990 jiha ta ba su rancen dala miliyan 9 da rabi, bai isa ba. A watan Afrilun 1991 gundumar ta bayyana cewa ta karye, kuma za ta rufe dukkan makarantunta ranar 1 ga Mayu, watau saura mako shida shekarar karatu ta ƙare. Gwamnan jihar na lokacin, Pete Wilson, ya ce ba zai ƙara ba da wani rance ba sai da sharuɗɗa.

Ku dubi halin da iyaye suka shiga. Ɗalibin da ke ajin ƙarshe yana jiran takardarsa ya tafi jami'a, an ce masa ya koma gida. Uwar da ke fita aiki da safe ba ta san inda za ta kai 'ya'yanta ba. Sai iyaye suka tafi kotu, a ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Thomas Butt, wanda daga baya har ya zama magajin garin Richmond. Alƙali ya ba da umurnin kada a rufe makarantun, aka nemo rancen dala miliyan 19, jiha ta turo nata mutumin ya karɓi ragamar gundumar. A 1992 Kotun Ƙoli ta Kalifoniya ta tabbatar da cewa nauyin ilmin kowane yaro yana wuyan jiha ne, ba za ta naɗe hannu ta ce laifin shugabannin gunduma ne ba. Amma bashin nan sai da gundumar ta yi ta biyansa har shekarar 2012. Ku lissafa. Yaran da ba a ma haife su ba lokacin da aka yi ɓarnar, su ne aka riƙa tsakurar kuɗin littattafansu ana biyan bashi da kuɗin ruwa har shekara ashirin da ɗaya.

Tambayar da 'yan majalisar jihar suka yi wa kansu ita ce, ina ofishin lardi yake sa'ad da ake wannan? Amsar ita ce yana nan, ana kai masa kasafin kuɗi yana dubawa, amma dokar wancan lokaci ba ta ba shi isasshen ƙarfin da zai taka wa kowa burki ba. Saboda haka a cikin shekarar ta 1991 suka yi wata doka da ake kira AB 1200. Zan ɗan tsaya a kanta, don a ganina ita ce ta mayar da ofishin lardi abin da ake jin maganarsa.

Bisa wannan doka, kowace gunduma tilas ta gama kasafin kuɗinta kafin 1 ga Yuli, ta miƙa wa shugaban makarantu na lardi. Shi kuma yana iya amincewa, ko ya amince da sharaɗi, ko ya mayar musu da shi ya ce a sake. Ba a nan aka tsaya ba. Sau biyu a cikin shekara, a Disamba da Maris, majalisar gundumar za ta sake kawo rahoto, ta sa hannu a kan ɗaya daga cikin shaida uku: ko dai ta ce za mu iya biyan abin da ke kanmu bana da shekaru biyu masu zuwa, ko ta ce akwai shakka, ko ta ce ba za mu iya ba. Idan ta ce lafiya lau alhali lissafi bai nuna haka ba, shugaban lardi yana da ikon ya sauya shaidar da kansa. An kuma wajabta wa kowace gunduma ta ajiye wani abu a gefe saboda ɓacin rana, yawanci kashi 3 cikin ɗari na abin da take kashewa, ƙananan gundumomi kuma fiye da haka. Idan abu ya yi tsanani, shugaban lardi yana iya tura musu mai ba da shawara kan kuɗi ya zauna da su, har ma yana iya dakatar da wani kashe kuɗi da majalisarsu ta zartar.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne maganar shekaru biyu masu zuwa. Mu mun saba da odita mai zuwa bayan an gama cin kuɗi, ya rubuta rahoto, a sa a kabad. Su kuwa tambayarsu ita ce, wannan ƙarin albashin da kuka yi alkawari, da waɗannan malamai talatin da kuke son ɗauka, da me za ku biya su baɗi da baɗin baɗaɗa? Tun ran gini ran zane. Dokar ta kuma kafa wata ƙungiya ta ƙwararrun masu lissafi da ake kira FCMAT, aka ɗora kula da ita a kan ofishin ilmi na Lardin Kern. Gunduma tana iya gayyatarsu da kanta tun kafin ta shiga uku, su zo su duba littattafanta su gaya mata inda ke yoyo.

Kada in sa ku ɗauka cewa daga nan magana ta ƙare. A 2003 gundumar makarantun birnin Oakland ta faɗa rami duk da wannan doka, sai da jiha ta ba ta rancen dala miliyan 100, aka karɓe iko daga zaɓaɓɓiyar majalisarta, ba a mayar mata ba sai 2009. Ofishin lardi yana duba alƙaluman da aka kawo masa ne, idan alƙaluman gurɓatattu ne tun daga tushe, shi ma sai ya makara. Kuma tun da shugaban lardi ɗan zaɓe ne a mafi yawan wurare, yakan yi nauyin baki wajen gaya wa babbar gunduma gaskiya, don a can ƙuri'unsa suke.

Aiki na gaba da aka ɗora wa ofishin lardi shi ma kotu ce ta jawo shi. A watan Mayun 2000 wasu ɗalibai suka kai jihar ƙara, da sunan wani yaro ɗan makaranta a San Faransisko mai suna Eliezer Williams a kan gaba. Kukansu ba baƙo ba ne a kunnenmu: babu littattafan da za su ishi aji, makewayi a lalace, ɓeraye a cikin azuzuwa, malamai marasa horo, ko kuma a wayi gari babu tsayayyen malami sam. A 2004, zamanin Gwamna Arnold Schwarzenegger, aka yi sulhu. Jiha ta yi alkawarin dala miliyan 800 don gyaran gine-gine na gaggawa, da miliyan 138 don littattafai, ko da yake karayar tattalin arziki ta 2008 ta sa an yi ta jan ƙafa wajen sakin kuɗin gyaran.

Ni a wurina kuɗin ba su kai ƙa'idar da aka kafa muhimmanci ba. An rubuta a doka cewa kowane yaro sai ya samu littafinsa na kansa a manyan darussa, wanda zai yi aiki da shi a aji ya kuma tafi da shi gida. Aka ce jami'an ofishin lardi su ziyarci makarantun da suka fi koma baya a cikin makonni huɗun farko na shekarar karatu, su shiga aji su ƙirga littattafai da yara, su leƙa makewayi, su duba famfo da rufi. Aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ziyarar kuma ba a sanar da hedimasta kafin a zo. Sa'an nan a kowane aji ana manna takarda a bango mai gaya wa iyaye haƙƙinsu da inda za su kai kuka, kuma an ba makaranta kwanakin aiki 30 ta gyara.

Da na karanta wannan sai na tuna wata tafiya da na yi don ɗauko wa jaridarmu labari. Na shiga aji uku na wata firamare a wani ƙauye, yara sun fi saba'in, littafin karatun Hausa guda huɗu ne, ɗaya ma a hannun malam yake. A kan hanyar komawa na biya ta ofishin ilmi na wannan yanki, sai ga katan-katan na irin littafin nan a sito, gara ta fara cin na ƙasa. Na tambayi mai kula da siton, ya ce babu kuɗin man da za a kai su, kuma ba a ba shi takardar izinin fitarwa ba. Babu wanda ya saci komai. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya wanda aikinsa ne ya je ya ƙirga a kan lokaci, ya rubuta, kuma rubutun nasa ya zama dole a amsa shi.

A 2013, zamanin Gwamna Jerry Brown, aka sake tsarin rabon kuɗin makarantu a jihar, aka ƙara wa gundumomi kaso saboda 'ya'yan talakawa, da yaran da Ingilishi ba harshen gidansu ba ne, da yaran da ke hannun riƙo. Kowace gunduma sai ta zauna da iyaye ta rubuta shirin shekara uku na yadda za ta yi amfani da kuɗin, ofishin lardi kuma shi ke dubawa ya amince.

To shi mai duba wasu, wa ke duba shi? Kasafin kuɗin ofishin lardi ma'aikatar ilmi ta jiha ce ke tantance shi. Duk da haka an taɓa kama shi da sakaci a cikin gidansa, kuma wannan ya shafe mu 'yan yaƙi da jahilci. A farkon 2010 aka kai ofishin ilmi na Lardin Los Anjelis ƙara a kan makarantar da yake gudanarwa a wani sansanin horon yara da ke garin Lancaster. Takardar ƙarar ta bayyana cewa an ba wani saurayi takardar shaidar gama sakandare alhali ba ya iya karatu da rubutu. A ƙarshen shekarar aka yi sulhu, aka ɗora wa ofishin gyara koyarwa a wurin, har da shirin koyar da karatu. Duk wanda ya taɓa zama a ajin manya ya ga matashi da ya yi shekara shida a firamare yana koyon a, ba, ca daga farko, ya san irin wannan takardar shaida.

Jama'a, na ce shekarar 1991 Kalifoniya ta ƙara wa mai sa ido ƙarfi. A wannan shekarar ce mu kuma a Nijeriya aka yi dokar soja mai lamba 3, wadda ta rushe hukumar kula da ilmin firamare ta ƙasa da aka kafa a 1988, ta miƙa makarantun firamare da albashin malamansu ga ƙananan hukumomi. Tsofaffin malamai da ke zaune a nan ba sai na gaya muku abin da ya biyo baya ba, kun yi watanni babu albashi, wasunku sun koma gona, wasu kasuwa. Sai a 1993 aka yi doka mai lamba 96 aka dawo da hukumar. Tsarin hukumar ilmin bai-ɗaya ta tarayya, da ta jiha, da ta ƙaramar hukuma kuwa, dokar 2004 ce ta kafa shi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, a 2025 kuma malaman firamare na Babban Birnin Tarayya suka yi fiye da wata uku suna yajin aiki a kan albashi. Saboda haka tambayar wa zai duba lissafin tun kafin albashi ya tsaya, tambaya ce da ta shafe mu.

Ba na cewa a kwafo nasu a manna. Hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma a wurinmu ta fi kama da gundumar makarantu tasu fiye da ofishin lardi, tun da ita ke riƙe da makarantun kai tsaye, kuma Sakataren Ilmi naɗa shi ake yi, kuɗin ma sau da yawa ba ta hannunsa suke bi ba. Amma ta fuskar hedimastan da ke can ƙauye mai nisan kilomita arba'in daga hedikwata, ranka ya daɗe Sakatare, kai ne ofishin lardinsa. Ba shi da akanta, ba shi da malamin kurame, ba shi da kowa sai kai da sufetocinka.

Don haka ina da roƙo guda ɗaya, wanda ba ya bukatar a canja doka. A cikin makonni huɗun farko na zangon da za a shiga, kowane Sakatare ya tura sufeto zuwa makarantu goma da suka fi nisa da ofishinsa, uku daga ciki kada a sanar da su. Ya shiga aji ɗaya zuwa aji uku ya ƙirga yara, ya ƙirga littattafan karatu da na lissafi, ya rubuta malamai nawa ya tarar a aji da malamai nawa ke cikin rajista, ya duba ko akwai makewayin 'yan mata da ke aiki. Masu duba azuzuwanmu na yaƙi da jahilci suna bin waɗannan hanyoyi a kan babura kowane wata, kuma na yi magana da su, a shirye suke su ɗauki sufeto a baya. A ba Hakimi kwafi ɗaya, a ba shugaban ƙungiyar iyaye da malamai kwafi ɗaya. Wanda ya aiko mana da nasa, za mu buga shi a shafi na uku na wannan jarida yadda ya zo, da sunan makaranta da adadin, don masu koyon karatu a azuzuwanmu, waɗanda su ne iyayen yaran, su karanta da bakinsu.

Mai girma Shugaban taro, na ga kana duban agogo.